Hoton da Ya Fuskanci Durumi

Da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma aka ja ƙyallen. Na san lokacin ne domin agogon babana yana hannuna, ya yi mini yawa, ina ta juyo shi ina dubawa don kada in haɗa ido da manyan mutanen da aka zaunar da ni a tsakaninsu. Ranar Asabar ce, an idar da la'asar, rumfunan haya sun cika, 'yan firamare sun gaji da tsayuwa a rana. Shugaban ƙungiyar ci gaban garinmu ya kama igiya ɗaya, wani hafsan soja da aka turo ya kama ɗaya, suka ja tare, farin ƙyallen ya zame ya faɗi. Sai ga babana a jikin bango cikin kaki, hoton ya fi tsayin mutum, yana kallon gabansa.

Aka yi kabbara, aka yi tafi. Ni kuwa na waiwaya in ga Inna, kakata, wadda ta haife shi. An ajiye mata kujera mai laushi a sahun gaba, ta ƙi zama a kai, ta ce nononta bai san biki ba. Tana can gindin durumi inda ta saba zama, da ƙwaryar nono da kwandon fura. Na ga ta ɗaga kai sau ɗaya. Daga nan ta jawo mayafi ta kare gefen fuskarta, ta kife ludayi, ta rufe nonon da ko rabi bai yi ba da faifai, ta ɗora a ka, ta bi lungun maƙera ta tafi gida. Ba wanda ya lura sai ni da matan da ke kusa da ita. Washegari ba ta fito ba, wanshekare ma haka.

Ni ba a garin aka haife ni ba. A bariki na tashi, daga wannan a mayar da mu wancan. Babana soja ne, ya kai matsayin da ake ba mutum bataliya ya jagoranta. Aka tura shi daji a arewa maso gabas, can aka yi musu kwanton ɓauna, can kuma aka binne shi tare da yaransa a maƙabartar sojoji. Da mahaifiyata ta fita takaba ta koma gidansu a Kibiya da ƙannena, ni aka bar ni wajen Inna, saboda sakandaren da aka samar mini ta fi kusa da gidanta. Garinmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Rano zuwa Kibiya, ƙaramin gari ne, ana sanin baƙo tun kafin ya sauka daga kan babur.

Ba ni da surutu. In an tambaye ni ina amsawa, amma in ni ce zan yi tambaya sai in yi ta jujjuya ta a raina har lokacinta ya wuce. Sauran jikokin Inna suna tsokanarta, su ɓoye mata goro, su ce haƙoranta sun yi ritaya, ta bi su da ludayi. Ni ban iya ba. Malama take ce mini, saboda kullum da littafi a cinyata, ko a bakin murhu.

Babana ɗan farinta ne. Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, amma Inna a ruga aka haife ta, can wajen Zurgu, aure ne ya kawo ta gari, kuma kunyarta ta wuce ta matan gari. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita ta raine shi. Har ya yi furfura Inna ba ta daina ce masa yaron nan ba, hakan ma sai in ya zama dole. An gaya mini ranar da aka kawo labarin rasuwarsa ta ce Allah ya ji ƙan musulmi, ta tashi ta shiga ɗaki. Tun da na zo gidan ban ji ta ambace shi ba, ni ma ban ambata ba.

Filin da ake magana a kai, da Bakin Durumi ake ce masa. Durumin yana tsakiya, gindinsa ya yi kauri har in kana wannan gefe ba ka ganin wanda ke wancan. Gabas ta mata ce, masu fura da masu daddawa da masu ƙuli-ƙuli da mai awara. Yamma ta maza ce, nan bencin 'yan acaɓa yake, da mai shayi, da mai faci. Ba wanda ya yanka wannan doka, haka kowa ya taso ya tarar. Mace takan zagaya yamma ta hau babur ta wuce, amma ba ta shimfiɗa tabarma a can.

Lokacin da nake ƙarama, in babana ya samu hutu yakan kawo mu gida. Da hantsi sai ya cire takalmin ƙafa ciki ya sa silifa, ya kama hannuna mu fito fili. Ba ya bi ta gabas. Ta bayan mai faci yake zagayawa, ya zauna a kan wata saiwar durumin da ta taso sama kamar benci, ya jingina da gindin, ya shiga hira da 'yan acaɓa. Ni sai in zagaya wajen Inna. Ba ta tambaya ko da wa na zo. Sai ta ɗauko wata ƙaramar ƙwarya da ba ta ba kowa, ta dama fura da kindirmo, ba sukari, ta miƙo mini tana kallon wani wuri.

"Kai wa baƙon can na baya," take cewa.

In ya shanye sai ya ba ni ƙwaryar ya ce, "Ki ce an gode, fura ta yi." In na faɗa mata sai ta ce, "To," ta ci gaba da korar ƙuda. Ni a lokacin na ɗauka inuwar yamma ce ta fi masa daɗi.

Da yake ba kabarinsa a garin, sai 'yan ƙungiya, yawancinsu mazauna Kano, suka ce a yi wani abu da za a riƙa tunawa da shi. Da farko mutum-mutumi suka so yi, liman ya ce ba a garin nan ba. Aka daidaita a kan bango mai hoto. Aka zuba siminti a filin, aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana, aka gina bangon a bakin filin ta gabas, aka rubuta sunansa da muƙaminsa a ƙasa. Alhaji shugaban ƙungiya, mutumin kirki ne, tare suka yi firamare da babana, shi ya zaɓi inda bangon zai kalla. Na ji shi da kunnena yana gaya wa magina, "Ku sa shi ya fuskanci wajen tsohuwa, ta riƙa ganin ɗanta kullum." Duk wanda ke wurin ya ce madalla.

Bayan bikin, nono bai daina zuwa ba. Kowace safiya ana kawo mata shi a jarka daga rugar 'yan'uwanta, kamar yadda aka saba tun kafin a haife ni. Sai ta zauna a tsakar gida ta zuba a gora ta yi ta girgizawa tana fitar da mai. Man shanu ya taru har muka rasa mazubi, tsala kuma ta riƙa rabar da shi ga maƙwabta. Matar da ta saba fita kullum, ko da zazzaɓi, ta koma daga ɗaki sai gindin bango. Ƙafafunta suka fara kumbura. Ta rage cin abinci. In 'yan jikoki sun ɓoye mata goro sai ta bar su da shi.

A gari kuma magana ta tashi. Wasu suka ce an karrama ɗanta ta yi fushi. Wasu suka ce ta ga ba a ba ta komai a hannu ba ne. A makaranta wata ta tambaye ni ko gaskiya ne kakata ta ce ba ta yafe masa shiga soja ba. Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba.

Abin da ya fi matsa mini shi ne wurin zamanta. Tun da aka zuba siminti ƙungiya ta ce za a shata wa kowa wurinsa da fenti, wanda ba mai shi kuma a ba wani. Wurin Inna shi ya fi kowanne inuwa. Mai awara, wadda kaskonta ke rana, ta fara matsowa kaɗan-kaɗan. Wata tsohuwa mai daddawa, maƙwabciyar zaman Inna tun suna da ƙarfinsu, ita ta kife wata fasasshiyar ƙwarya a wurin ta danne da dutse, ta ce duk wanda ya taɓa shi da ita. Na san in wurin ya tafi Inna ba za ta nemi wani ba, za ta zauna a gida ke nan, kuma na ga abin da zaman gida yake yi mata.

Maimakon in tambaye ta, sai na fara da Baffa, ƙanin babana, wanda ke noma a gonar gidan. Na same shi yana gyaran buhunan masara a zaure. Na daɗe a tsaye kafin ya ce, "Malama, magana ce a bakinki ko kin zo ƙirga mini buhu?"

Na ce, "Baffa, me ya hana Inna fita?"

"Baƙin ciki ne. Ba ta yi kuka a lokacin ba, yanzu ya zo mata. Ki ƙyale ta, zai wuce."

"Ai ta fita bayan rasuwar. Ana yin sadakar bakwai ta koma."

Ya tsaya ya dube ni. "To ke da kika sani, me ya kawo ki wajena?" Ya ci gaba da ɗinkin buhunsa.

Ranar Juma'a na hau babur na je Kibiya gaida mahaifiyata, na biya gidan Gwaggo, ƙanwar babana da ke aure a can. Ita ba ta yi wata-wata ba.

"Sunan ne," ta ce. "Ke ba ki da hankali ne? An ɗauki sunan ɗan farinta an liƙa wa fili. Kowane ɗan acaɓa ya buɗe baki sai ya kira shi. Ta zauna ana jefa mata sunan a kunne daga safe har yamma? Ni kaina da nake ƙanwarsa ba na kira."

Wannan ta shige ni, har na fara shirya yadda zan roƙi Alhaji a taƙaita sunan. Amma na ce bari in ji da kunnena tukuna. Ranar kasuwa na ɗauki littafi na zauna a barandar wani shagon magani da ke kallon filin, kamar mai karatu, na kasa kunne. 'Yan acaɓa suna ta kiran Rurum, Rurum mutum ɗaya, Zinyau a taho. Waɗanda suka sauke fasinja daga ƙauye kuwa Durumi suke cewa, kamar da. 'Yan samari masu son sabon abu su ce Filin Kwamanda. Har aka kira magariba ban ji mutum ɗaya ya kira sunan ba. Rubutun da ke jikin bangon kuma na boko ne, Inna ba ta karanta shi. Na dawo gida na san dai ba sunan ba ne.

Ana cikin haka Alhaji ya zo da mutum biyu daga ƙungiya. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ni ina gefe ina tsince shinkafa.

"Hajiya, mun zo ne mu ji ko mun yi laifi," in ji Alhaji.

"Ban je ba tukuna, Alhaji, kada ka ba ni abin da ban samu ba."

Suka yi dariya. Ya ce, "To Inna. In zaman ƙasa ne ya ishe ki, akwai shago ɗaya cikin sababbin da muka gina, mai ƙofa da fanka. Naki ne."

"Fura a shago? Sai ka ce maganin tari. Wa zai shigo?"

"To ko hayaniya ce ta yi yawa?"

"Hayaniya ai ita ce kasuwa."

"To mene ne, Inna? Mutane suna magana. Mu don alheri muka yi."

"Na sani," ta ce. "Kun yi aiki, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a. Malama, zubo musu man shanu su kai wa iyali."

Haka suka tashi, kowa da kwanon mai a hannu. A zaure na ji ɗayansu yana cewa tsufa ne kawai, Alhaji kuma ya ce shi dai bai ji daɗi ba. Kafin ya fita ya kira ni ya ce mai fenti zai zo ranar Litinin ta sama, kuma ba zai iya hana a ba da wurin da ba kowa ba, don ya riga ya faɗa a gaban jama'a.

Ranar Asabar na ce wa Inna zan kai furar da kaina. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke? Ke da in an yi miki sallama sai kin duba littafi kafin ki amsa?"

Amma ta cura furar, ta barbaɗe ta da gari, ta ɗora mini ƙwarya a ka. Sau biyu na tsaya a hanya ina gyara gammo. Mai daddawa ta ɗauke dutsenta da fasasshiyar ƙwaryar, na shimfiɗa buhu na zauna a wurin Inna. Mai awara ta ce sannu da zuwa, ba ta kalle ni ba.

Ban iya talla ba. Ina auna nono da ludayi kamar mai gwaji a ɗakin kimiyya, in ya ɗara in rage, in ya gaza in ƙara. 'Yan acaɓa suka riƙa zagayowa ɗaya bayan ɗaya, rabi don fura rabi don kallo.

"Malama, fura muka ce, ba jarrabawa ba," in ji wani.

Wani ya kurɓa ya tauna ya ce, "Wannan gudajin ai sai a yi ciko da shi a hanyar Rurum."

Shugabansu, wani mai furfura da suke kira Ciyaman, ya kore su. Ya tsuguna ya karɓi tasa ya shanye bai ce komai a kan damun ba. Da zai tashi ya ce, "Ki gaya wa Inna in mu muka yi laifi mun tuba. Tun da ta daina fitowa cikinmu bai daidaita ba."

Da rana ta take, ciniki ya lafa, na ɗaga kai. Daga inda nake zaune ba abin da ke gabana sai bangon. Hoton da suka zaɓa wanda yake kallon mai ɗauka ne kai tsaye, irin na katin aiki, ba murmushi. In ka matsa dama yana kallonka, in ka matsa hagu yana kallonka. Ni daɗi na ji. Na daɗe ban ga fuskarsa da girma haka ba, har ɗan tabon da ke gefen girarsa ya fito. Na zauna muna kallon juna har wata mata ta ce, "Yarinya, nonon na sayarwa ne ko na ajiya?"

Da la'asar na lura mai daddawa ba yadda na san ta take zaune ba. Ta karkata tabarmarta, ta ba bangon kafaɗa. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Iya, ke kin san abin da ya hana Inna fitowa?"

Ta ɗaure ƙullin daddawa, ta ajiye, ta ɗauki wani. "Ni ban ce komai ba. Mai wuri tana gida, kuna kwana ɗaki ɗaya. Kin je Kibiya, kin je zaure, kin zauna a shagon magani kina leƙen mutane ta saman littafi, duk ina ganinki. Bakin naki ciwo yake yi?" Sai ta ƙara da cewa, "Jiya sau biyu ina tarar an ture dutsen nan. Ni ma ƙarfina ya kusa ƙarewa."

A hanyar gida na yi ta haɗa abin da na gani: yadda Inna ta ɗaga kai sau ɗaya ta ja mayafi, da yadda mai daddawa ta karkace. Na ce a raina hoton ne, ganinsa yana tayar mata da ciwo. Na yanke cewa zan je wajen Alhaji in roƙe shi a mayar da ƙyallen, ko a rataya labule a riƙa buɗewa ranar biki kawai. Raina bai so ba, don ni ina son ganinsa, amma na ga wannan ya fi sauƙi a kan Inna ta rasa wurinta.

Ranar Lahadi da hantsi tana tsakar gida tana girgiza gora, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan tabarma. Baffa ya tafi gona, yara sun tafi makarantar allo, gidan ba kowa sai mu da kaji. Na zauna kusa da ita da littafi a hannu, na buɗe, na rufe.

"Inna, gobe mai fenti zai zo."

"Na ji."

"In ba kya nan za a ba mai awara."

"Ita ma baiwar Allah ce."

Gora na ta ƙara. Na ce, "In hoton ne, zan je in roƙi Alhaji a rufe shi."

Sai ta tsayar da gorar. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta dube ni haka ba.

"A rufe shi? Laifin me ya yi da za a rufe masa fuska a tsakiyar garinsu?"

"To a cire."

"Kada ki kuskura. Mutane sun yi wahala, kuma wurin ya dace da shi."

Duk abin da na shirya ya ƙare. Na sunkuyar da kai na ce, "To Inna, me ya sa ba kya zuwa? Fushi kike da shi?"

Ta buɗe bakin gorar ta leƙa, ta mayar ta toshe. Ta kori wata kaza da ta matso. Da ta fara magana ba ni take kallo ba, bangon gidan take kallo.

"Sai yau kika ga dama. Kin zagaye duniya da tambaya, ni ina nan zaune. Wa zan gaya wa in ba ke ba? Baffanki zan zaunar in yi masa hirar wansa, ko Alhaji?"

Ta gyara zama.

"Yaron nan, tun da ya yi wayo bai taɓa tsayawa a gabana ya zuba mini ido ba. Ba a gida ba, balle a kasuwa. Ya zama babba, ana sara masa, motoci na bin sa, amma in ya zo filin nan ta baya yake zagayawa ya zauna, don kada ya sa ni jin nauyi a gaban mutane. Ke ce mai kai ƙwarya, kin gani. Ba wanda ya taɓa cewa ga ranar da ya yi rashin ta-ido. Yanzu ba ya nan, ba shi da bakin cewa a'a, sun ɗauko shi sun tsayar a gabana yana kallona daga safe har yamma. In na zauna a wurin, duk wanda ya wuce zai ga ɗa ya tsura wa uwarsa ido a bainar jama'a. Ba halinsa ba ne. Ba zan zauna a mayar da shi abin da bai taɓa zama ba."

Na ce a hankali, "To yaya za a yi?"

"A bar wa mai awara inuwar, ta daɗe tana shan rana. Ni saiwar nan ta baya nake so, inda baƙon yake zama. Durumi ya shiga tsakaninmu kamar da. Amma gefen maza ne, ba zan je da tsufana in shimfiɗa buhu a tsakiyarsu ba tare da an ce mini bismilla ba, kuma ba zan iya buɗe baki in faɗi dalili ba. Ke jika ce, bakinki ba kunya a ciki, in kin ga dama kin buɗe shi. Ki ajiye littafin nan ki je ki sami Ciyaman, ki ce su ja bencinsu gaba kaɗan. In sun ja, ki biya ki gaya wa mai daddawa ta ɗauke dutsenta ta biyo ni, ki dawo ki jiƙa mini gero. Gobe da hantsi zan fito."